Manhajar shirya haɗuwa don masu jiran gayyata

Ɗalibai masu shirin gasar ƙera manhaja sun nemi shawara kan manhajar shirya haɗuwar abokai, ga abin da aka fi nanatawa. Wanda ake yi dominsa shi ne mai karanta saƙon WhatsApp ya yi shiru: yana son zuwa, shiryawar ce ke masa nauyi. Kada a tare shi da doguwar rajista. A kawo masa rana da wurin haɗuwa, shi dai ya danna "zan zo" ko "ba zan samu ba". Shawarar da ta fi burge ni: a nuna masa abokai biyu da suka riga suka amsa, ganin sunansu ke tayar da shi. Tunatarwa ɗaya ta isa. Kafin gasar, a gwada da masu shirun aji, a nuna wa alƙalai abin da suka danna.