Musayar waƙa: Dracula ya tsorata ni, ya kuma sa ni gyangyaɗi

Binta 'Yar Zazzau:
Jiya na gama littafin Dracula na Bram Stoker, labarin dodo mai shan jinin mutane, wanda ya fito a 1897. Mako uku ina fama da shi. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Babi huɗun farko sun riƙe ni,
Fitilar ɗaki na kasa kashewa.
Harker baƙon Dracula a yankin Taransilbaniya,
Ƙofa a kulle, ba hanyar ficewa.
Ya ga maigida na bin bango kai ƙasa,
Irin na ƙadangare, ba ya zamewa.
Daga nan sai wasiƙa bayan wasiƙa,
Lucy da samari uku, ba ƙarewa.
Na yi gyangyaɗi har littafi ya suɓuce,
Shayi a gefena yana ta hucewa.

Malam Na-Ƙofar Mata:
Haba ƙanwata, kin manta Demeter?
Jirgin ruwan da ya shigo garin Whitby cikin iska.
Matuƙi gawa, ɗaure a sitiyari,
Akwati hamsin na ƙasa, ba mai duba a tsaka.
Jan ƙafar nan shi ne dabarar,
Sai kin saki jiki dodon ya nuna fuska.

Auta Sagir:
Malam, da girmanka, ban yarda ba,
Likita Van Helsing ya cika dogon bayani.
Sau huɗu ana ƙara wa Lucy jini,
Kowa ya miƙa hannu, ba gwajin rukuni.
(Sai 1901 aka gano rukunin,
Na yafe wa likitan, laifin zamani.)
Amma uwar Lucy da ta kwashe tafarnuwar korar dodo
Ta buɗe taga, ita ta ƙona ni!

Hajiya Mai Lalle:
Auta, bar tsohuwa, wari ya dame ta.
Ni dai na tuna labarin maita:
Namu kurwa ake cewa yana kamawa,
Nasu wuya yake nema ya tsotsa.

Binta 'Yar Zazzau:
Hajiya kin faɗa, Malam na ji ka,
Amma ƙarshen ne ya ban haushi.
A babi na 27 ana bin sawun dodon,
Wuƙa biyu a faɗuwar rana, an gama da shi.
Ya zama ƙura kafin in gyara zama,
Wahalar mako uku, ke nan hukuncinshi?
Sai dai daren jiya, duk zafin nan,
Tagata a rufe na kwana ina nishi.