Zombi mai gudu ko mai jan ƙafa: wanne ya fi riƙe fim?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Musun nan na zombi, wato gawar da ke tashi tana cin mutane a finafinai, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wasu sun ce na asali shi ne mai jan ƙafa irin na darakta George Romero, wai duk wanda ya sa gawa ta zura da gudu ya ɓata abin. Wasu kuma sun ce mai jan ƙafa ko yaro ba ya tsorata, tunda da ka ɗaga ƙafa ka tsere masa. Shin gaskiya ne fim ɗin 28 Days Later ne ya fara kawo masu gudu? Sannan wanda zai haɗa gajeren fim na minti 12 da waya, yana da 'yan wasa kamar 20, wanne ya fi dacewa ya ɗauka?

Na-Silima:

Wa alaikumus salam. A'a, ba shi ya fara ba. Tun 1980 Umberto Lenzi na Italiya ya yi Nightmare City, inda suke gudu har da makamai a hannu. A 1985 kuma Dan O'Bannon ya fito da The Return of the Living Dead: nasa suna gudu, suna magana, har ɗaya ya ɗauki rediyon motar asibiti ya ce a ƙaro ma'aikata. Kai, ko a Night of the Living Dead na 1968, fim ɗin Romero da kansa, zombin farko na maƙabarta ba jan ƙafa yake ba. Da sassarfa ya bi Barbara, ya ɗauki dutse ya fasa gilashin mota. Abin da Danny Boyle, daraktan 28 Days Later, ya yi a 2002 shi ne ya buɗe wa gudun kasuwa, sai Zack Snyder ya ɗora a 2004 da sabon Dawn of the Dead.

Amma akwai abin da masu musun ke tsallakewa. Na 28 Days Later ba matattu ba ne. Rayayyun mutane ne da cuta ta haukata, zuciyarsu na bugawa, harsashi ko ina ya same su zai iya kashe su, in an bar su kuma yunwa ta gama da su. Ɗigon jini ɗaya a ido ya isa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 mutum ya juye. A wajen Romero kuwa duk wanda ya mutu ƙwaƙwalwarsa lafiya zai tashi, ko an cije shi ko ba a cije shi ba. Cizon zazzaɓi yake sawa, ya kwantar da mutum sa'o'i ko kwanaki kafin ya cika.

Wannan jinkirin shi ne jarin marubuci. A cikinsa ake samun wanda ya ɓoye cizo a ƙarƙashin hannun riga, da gardamar a harbe shi yanzu ko a jira, da uwar da ta rantse ba mai taɓa mata 'ya. A Dawn of the Dead na 1978 kwanaki Roger ya yi yana lalacewa a gaban abokinsa Peter, kuma Peter ne ya zauna da bindiga yana jiran ya buɗe ido. A World War Z na 2013 da juyewar ta koma daƙiƙa 12, duk wannan ya taƙaita zuwa fitowa ɗaya: Brad Pitt a bakin rufin bene yana ƙirge don ya ga ko zai juye. Fitowar ta yi kyau, amma ba ta maimaituwa.

Malam Lissafi:

Na-Silima ya gama da tarihi, bari in sa alƙalami. Mu ƙaddara mai jan ƙafa yana cin kilomita 2 a awa, mai gudu yana cin 20. Ka hango shi daga nisan mita 50. Na farko sai ya yi daƙiƙa 90 kafin ya iso ka, na biyu daƙiƙa 9. A cikin 90 ana iya neman makullin da ya faɗi, a yi cacar baki, a ja kujera a tokare ƙofa, mai kallo yana ganin abin na matsowa ta bayan kafaɗar jarumi. A cikin 9 ba abin da zai shiga sai ihu da gudu. Saurin da ka zaɓa shi zai yanke maka yawan maganar da fim ɗinka zai ɗauka.

Masu cewa mai jan ƙafa ba ya kama kowa kuma, ga amsarsu. Lafiyayyen mutum yana tafiyar kusan kilomita 5 a awa. In ya yi awa 8 a hanya ya ci 40, dole ya tsaya ya nemi ruwa, ya kwanta. Wancan ba ya tsayawa: awa 24 sau 2, kilomita 48. Kana barci zai iso. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda yake son ganin wannan a aikace ya nemi The Dead na 2010, wanda 'yan uwan nan biyu Ford suka ɗauka a Burkina Faso da Gana, da Prince David Osei a ciki. Fili ne fetal, rana tsaka, ba duhu ba lungu, amma duk inda mota ta tsaya sai ka fara hango su can nesa tsakanin itatuwa, ɗaya, biyu, biyar.

Kowane iri yana da inda yake kayar da marubuci. Mai jan ƙafa yana tilasta ka mayar da jarumanka wawaye don a samu wanda za a ci, ko ka yi maguɗi: zombin da tun farkon fim yake gurnani, sai ga shi ya lallaɓo shiru a bayan mutum cikin busassun ganye. The Walking Dead ya sha yin wannan. Shi kuwa mai gudu, in ba ka ɗaure shi da wata kasawa ba, kowa ya mutu a minti biyar, sai ka koma kana sa shi tuntuɓe duk lokacin da jarumi ne a gabansa.

Shi ya sa nake sa Train to Busan na 2016 a gaba. Daraktansa Yeon Sang-ho ya ba su gudu, amma ya hana su abu biyu: ba sa iya buɗe ƙofar tarago, kuma abin da suka gani suke kai wa hari. Daga nan komai ya fito. An jiƙa gilashin ƙofa an manna jarida, suka lafa. Jirgin ƙasan ya shiga ramin dutse duhu ya rufe, suka koma bin ƙara, mutane suka samu damar rarrafawa ta kan ma'ajiyar kaya. Mai kallo ya san dokar, don haka shi ma yana lissafin saura daƙiƙa nawa haske ya dawo.

Mai Kyamara:

Ɗan Fagge, da mutum 20 da waya, masu gudu za ka ɗauka, amma kada ka sa duka su yi gudun.

Mai jan ƙafa da taro yake aiki, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mutum 20 a buɗaɗɗen fili ba sa cika ido, sai su yi kama da 'yan rakiya. In ka nace sai su, to ka cusa su a lungun da faɗinsa bai wuce mita 2 ba, ka ja baya sosai ka ɗauka da idon wayar mai kusanto da abu sau 2 ko 3, zai matse su su zama kamar ba su da ƙarshe. Wanda ya wuce kyamara ya zagaya ya sauya riga ya sake shiga layi. Masu gudu kuwa 4 ko 5 sun isa, in dai suna da ƙarfin jiki. Nemi 'yan ƙwallo. Sauran ka ajiye su a matsayin waɗanda ake kora.

Saitin kyamara shi ne rabin aikin. Ka sauke manhajar da ke ba ka damar saita komai da hannu. Ka ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, saurin shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa a wuraren magana. In an zo gudu ka kai shi 1/200: motsin zai fito a tsinke, mai kaifi, irin wanda ke sa ido ya kasa hutawa. Farashinsa haske ne, domin daga 1/50 zuwa 1/200 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken kawai ke shiga. Da dare a waya hoton zai cika da yashi. Ƙarƙashin ƙwan lantarki kuma za ka ga layuka suna yawo a hoton, saboda wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta janareta ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Can kada ka wuce 1/100. Mafita ita ce hasken safiya bayan gari ya waye, kafin titi ya cika. Haka Boyle ya samu Landan ba kowa, da ƙananan kyamarorin Canon XL1.

Wajen tacewa kada ka ƙara saurin hoto fiye da kashi 10 cikin 100, in ya wuce haka fim ɗin barkwanci ka yi. Gara ka cire hoto ɗaya ko biyu daidai lokacin da zombi ya fizgo kai.

Kwalliya kashi uku ake yi. Na gaban kyamara mutum 2 ko 3 su sha cikakken aiki, na tsakiya fenti kawai, na baya ƙura da yagaggun kaya. A fatarmu farar hoda tsantsa ba ta ba da tsoro, dariya take ba mutane. Ka nemi launin toka-toka, ka duhunta ƙasan ido, ka busar da leɓe. Farar ƙasa da aka dama tana tsattsagewa da kyau in ta bushe. Kada a shafa wa kowa jiƙaƙƙiyar toka, tana cin fata. Jini kuma: kofi 2 na sukari, kofi 1 na ruwa, a dafa har ya yi kauri, a zuba jar kalar abinci, cokali ɗaya na garin koko, da ɗigo ɗaya na shuɗiya. Kokon ne ke kashe ƙyallin jan. Zoɓo yana ruɗin ido, amma a kyamara shunayya yake fitowa kuma ba ya kama jiki. Ka tanadi ruwan wanki, don ƙuda da tururuwa za su zo. Farin gilashin nan da ake sa wa a ƙwayar ido yana rage gani, kada ka sa wa mai gudu, kuma kada mutum biyu su yi karo-karo da guda ɗaya.

Abu na ƙarshe, kada ka tsaya gabansu ka nuna musu tafiyar. Duk za su kwaikwaye ka, ka samu mutum 20 da hannu a miƙe iri ɗaya. Ka raɗa wa kowa nasa ciwon: kai ƙugunka ya goce, ke wuyanki ya karye, kai ba ka gani da idon hagu.

Hajiya Ta-Damagaram:

Malam Lissafi, lissafinka ya fita, amma ka ɗauka zombin ya san inda ka nufa har tsawon kilomita 48. In ba ya ganinka ba ya jin ƙararka, wa zai nuna masa hanya? Sai dai ka ce wasu ne za ka tarar a gaba, wannan na yarda.

Batun wai gawa ba za ta iya gudu ba, Romero da kansa ya sha cewa idon sawunsu zai karye, ɗan wasan Birtaniya Simon Pegg ma ya rubuta a jaridar Guardian a 2008 yana sukar masu gudun. To amma gawa tana fara sandarewa cikin awa 2 zuwa 6, ta gama ƙagewa wajen awa 12, ba ta saki sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu, lokacin kuma ruɓewa ta kama. Naman da jini ba ya kai masa ba ya gudu, ba ya jan ƙafa. Duk ƙaryar ɗaya ce, a daina kawo kimiyya a matsayin shaida.

Ni dai a wurina ba a yi mintunan da suka kai buɗewar 28 Weeks Later na 2007 ba, inda Robert Carlyle ya bar matarsa a taga ya ranta a na kare cikin ciyawa, su kuma suna gangarowa ta gefe. Gudun ne ya sa ya yi abin kunyar kafin ya yi tunani. Da masu jan ƙafa ne da ba shi da uzuri, fim ɗin ma da bai tashi ba. Kuma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya, 28 Years Later na 2025 ya haɗa masu rarrafe a ƙasa da ƙarti masu gudu a daji guda.

Ɗan Fagge, ka sanar da mai unguwa kafin ranar ɗauka. Mutum biyar jina-jina suna bin yaro da gudu da sassafe, wanda bai san fim ba ne da taɓarya zai fito. In a Kano kake, ka leƙa Hukumar Tace Finafinai ka ji ƙa'idarsu tun kafin ka kashe kuɗi.

Ɗan Fagge:

Allah Ya saka da alheri. To in na ɗauki masu gudu, tsakanin cizo da juyewa minti nawa zan ba shi?

Na-Silima:

A fim na minti 12, ba shi minti 3. Ka nuna dokar da wuri a kan wani ɗan gefe, da agogon bango ko na waya a cikin hoton, don mai kallo ya auna da kansa. Cizon da ya shafi jarumanka ya zo wajen minti na 8, bayan sun kulle kansu a ɗaki mai ƙofa ɗaya, makullin kuma yana aljihun wanda aka ciza.