Daren karrama 'yan fim: wa ya taɓa zuwa, me ya gani?

Ɗan wasan Nima:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata tara ina wasan kwaikwayo da Hausa, tun daga filin Islamiyya lokacin Maulidi har gajerun finafinan da muke ɗauka a lungunan Nima da Maamobi muna ɗorawa a YouTube. An ba ni katin gayyata zuwa wani bikin karrama 'yan wasa a nan Accra, wata mai kamawa. Ba na cikin masu takara, rakiya zan yi, amma tun da katin ya shigo hannuna barci ya ƙaurace mini. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan taro, ko ya yi aiki a wurin, ko ya raba dare yana kallo, don Allah ya ba mu labari.

Direban taksi, Maamobi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sau huɗu ina kai mutane, ban taɓa shiga ciki ba. In kati ya ce ƙarfe bakwai, ka sa rai da tara ko goma. Ka ci waakye ka ƙoshi, ka yi Isha'i kafin ka fita, kuma ka shirya abin da zai maido ka, don lokacin da za a tashi babu trotro, wato motocin haya. Na taɓa ɗauko wata baiwar Allah wajen ƙarfe biyu na dare, ta rungume kambunta tana kuka tun daga Ridge har Madina. Sai da muka kusa gida ta ce shekara goma sha ɗaya take wannan sana'a, mahaifinta bai taɓa kallon fim ɗinta ba. A ƙofar gida muka tarar da tsohon yana jira, ya gani a talabijin.

Tela, New Town:
Ni rigata ce ta je. A 2015 ne, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, wata 'yar wasa ta kawo mini yadi saura kwana huɗu. Da keken ƙafa na ɗinka, da fitilar caji, guga kuwa da dutsen gawayi. Ranar bikin muka taru a shagon maƙwabcina mai janareta. Da aka tambaye ta wa ya yi ɗinkin, ta ce wani tela ne Bahaushe a New Town. Ba ta ci kyauta ba, amma ni har Sallar da ta biyo baya ban huta ba.

'Yar wasa, Fadama:
Yayana na Nima, ka je, amma ka je da idonka a buɗe. An taɓa sa ni takarar jaruma mai tasowa a wani ƙaramin biki, ba zan faɗi sunansa ba. Murna a gidanmu kamar ranar suna. Bayan kwana biyu aka turo mini lambar da za a danna a waya a zaɓe ni, kowace ƙuri'a da kuɗinta, kuma mutum ɗaya yana iya dannawa sau ɗari in yana da hali. Na bi dangi gida-gida. Innata mai sayar da koko da ƙosai ta cire daga kuɗin adashinta ta tura mini ta momo, wato ta waya. 'Yan ataya na layinmu suka yi karo-karo. Sati uku ban da aiki sai roƙon ƙuri'a, har na fara jin kunyar buɗe WhatsApp.

Ranar bikin wadda ta ci ta hau dandamali, na tafa mata da zuciya ɗaya, don ba ta yi mini laifi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk daren nan ba a nuna ko minti ɗaya na wasan ɗayanmu ba. Fitowar da na yi wata biyu ina haddacewa, inda nake yi wa mijina bankwana a tashar mota, ba wanda ya san da ita a zauren. Har yau ban gama biyan innata ba, ita ce ma take hana ni.

Malamin makaranta, Ashaiman:
Ƙanwata, maganarki ta tuna mini da Janairun 2016. A Amurka akwai bikin da a lokacin ake kira SAG, na ƙungiyar 'yan wasan fim da talabijin, an fara shi a 1995. Can 'yan wasan ne da kansu suke zaɓen ɗan'uwansu, kuma wasa kawai ake dubawa, ba a ba da kyautar darakta ko ta marubuci. A Los Angeles ake yi da yamma, wato ƙarfe ɗaya na dare ke nan a wurinmu, don haka sai da asuba na ga labarin a waya: Idris Elba, wanda mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, ya ɗauki kambu biyu a dare ɗaya. Ɗaya na shirin talabijin ne, ɗayan kuma na Beasts of No Nation, fim ɗin da aka ɗauka a ƙasar nan. Makonni biyu kafin nan masu Oscar sun tsallake sunansa, amma abokan sana'arsa suka ce sun gani.

Abin da ya fi taɓa mu a Ashaiman shi ne yaron da ya fito tare da shi, Abraham Attah, ɗan garin nan ne, a filin ƙwallo aka tsinto shi. Tun a 2015 ya karɓi kyautar sabon ɗan wasa a bikin finafinai na Venice. Ranar Litinin na shiga aji, na ajiye darasi na nuna wa yara hotonsa sanye da kwat. Wani yaro da ba ya magana a aji ya ɗaga hannu ya tambaye ni ko ana koyon wasan kwaikwayo a makaranta. Na ce akwai NAFTI, makarantar fim da talabijin, a Cantonments, akwai kuma sashen wasan kwaikwayo a jami'ar Legon. Ya rubuta a bayan littafinsa.

Baba mai shagon kaset, Sabon Zongo:
'Ya'yana, ni mai sayarwa ne, kuma kyauta tana motsa kasuwa. A 2010 da AMAA, mai karrama finafinan Afirka, ta raba kyautar jaruma tsakanin Jackie Appiah da Lydia Forson da Naa Ashorkor, faifan fim ɗinsu bai kwana a shagona ba. Haka Majid Michel a 2012. Ali Nuhu kuwa tun 2007 ya karɓi tasa, ta mai tasowa, matan Zongo suka yi ta guɗa kamar ɗan ɗakinsu. Amma ku duba inda muke tsaye. A nan gida finafinan Turanci da na Twi ake kira. A Legas, bikin finafinai na AMVCA ya taɓa ware wa Hausa rukuni, sai dai duk shekarun da na kalla 'yan Najeriya nake gani suna hawa. Mu Hausawan Ghana muna tsakiya, ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko.

Mai haɗa hoto, Madina:
Baba, a gafarce ni, amma mu ma da namu laifin. Na taɓa cike fam ɗin shigar da fim ɗinmu, aka nemi fassarar Turanci a ƙasan allo da sauti mai tsabta. Namu ana jin injin niƙa da kukan akuya fiye da muryar jarumi. Da kaina na janye shi. Daga nan muka yi karo-karo muka sayi makirufo biyu.

Ɗan wasan Nima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan je, kuma da babbar riga zan je. Malam na Ashaiman, maganar 'yan wasa su zaɓi ɗan'uwansu ta shige ni. Mu da muke wasa da Hausa daga Nima zuwa Fadama zuwa Ashaiman za mu cika aji guda. Ko sau ɗaya a shekara, bayan Babbar Sallah, mu ari majigi mu kalli aikin juna mu ɗaga hannu, ba kuɗin ƙuri'a. Ƙanwata ta Fadama, ki turo mini fitowar nan ta tashar mota, ina son in gani. Yaya direba, ranar Asabar ce, zan kira ka in an kusa tashi.