Aikin kwastoma yana cinye lokacin littafina, yaya zan tsara ranata?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata fassara ce tsakanin Turanci da Hausa, da ita nake ci. Ina kuma da littafin labari da nake son kammalawa, mai kalmomi kamar 40,000. Kullum aikin kwastoma ne ke shiga gaba, ga ɗauke wuta, ga WhatsApp ba hutu. Masana, ta ina ake kama abin?

Tsohon Tafinta:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da lissafi. Kalmomi 500 a rana, kwana biyar a mako, 2,500 ke nan. A mako 16 ka haɗa 40,000, wato wata huɗu. Kada ka ɗora wa kanka 2,000 a rana: mako guda za ka yi, ranar da babban aiki ya shigo ka kasa, daga nan ka yar da tsarin gaba ɗaya.

Lokacin kuwa bayan sallar Asuba ne. A Accra rana na fitowa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka tsarin ba ya sauyawa da rani ko damina. Daga biyar da rabi zuwa bakwai babu kwastoman da zai kira ka. Kashe data tun da dare, kada ka kunna sai 500 ta cika. Saƙo ɗaya ka buɗe, hankalinka ya tafi wurin aikin wani.

Abin da ya fi kashe littafi shi ne gyara ana cikin rubutu. Mai fassara ya fi kowa wannan ciwo, don ya saba auna kowace kalma kafin ya ajiye ta. In kalma ta ƙi zuwa ko kana bukatar bincika wani abu, sa XX ka wuce, ka nemo su duka ranar Asabar. Kuma kada ka tashi a ƙarshen babi. Tsaya a tsakiyar fage, ka rubuta layi ɗaya na abin da zai biyo baya, gobe ka san inda za ka ɗora. Ranar da ka rasa, kada ka ninka washegari, 500 ɗin dai za ka yi.

Tsarin nan na aikin minti 25 da hutun minti 5 yana da kyau ga fassara. Ga labari ya yi gajere a ganina, sai zare ya fara warwara agogo ya buga. Gwada minti 45.

Uwar Biyu:
Malam, na Asubar nan naku ne maza. Mai shirya yara makaranta ba ta da wannan lokaci, haka ma wanda zai fita da sassafe don ya riga cunkoso. Abin da ake bukata shi ne lokaci ɗaya tsayayye, ko tara zuwa goma da rabi ne. Wanda ke daɗewa a trotro (motar haya) daga unguwar Madina zuwa Circle a Accra kuwa, ya rubuta ƙashin babin a waya: wa ya shigo, me yake so, me ya hana shi. In an sami wuri shiru a naɗi murya. Maganar minti goma tana haura kalmomi 1,000, amma kusan rabi maimaici ne, kuma a buga ta a ranar, in ta taru ba a komawa kanta.

Mai Alƙalami:
Gaskiyar Hajiya ce, amma ni a ɓangaren kwastoma nake ganin ɓarakar. Fassara mai kyau ba ta cika wuce kalmomi 2,000 zuwa 2,500 a rana ba. In an kawo maka 10,000, kwana biyar ne, ƙara ɗaya na karantawa. Wanda ya ce kwana uku don kunya, safiyar littafinsa zai biya bashin da ita.

Kafin ka taɓa aiki, tura saƙo ɗaya a rubuce: yawan kalmomi, farashi, ranar miƙawa, da gyara sau nawa, biyu ya isa. Rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tukuna. An soke E-levy, harajin tura kuɗi ta waya a Ghana, a Afrilun 2025, saboda haka uzurin kwastoma na gudun haraji ya ƙare. Aikin gaggawa a ƙara masa kuɗi, ko ɗan unguwarku ne, don a Zango “taimaka min da 'yar takardar nan” ita ce ke cinye yini. Duba saƙonni sau biyu, bayan Azahar da bayan Magariba. WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsawa da kansa in ba ka nan, rubuta waɗannan lokutan a ciki.

Batun wuta: kunna tsarin aiki ba tare da intanet ba a Google Docs tun kana da data, in intanet ta ɗauke ba ya saituwa. Asusun Google yana ba da 15 GB kyauta, ya ishi littafi. Duk Juma'a sauke kwafi a filashi da kwanan wata a sunan fayil ɗin.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri. Haruffa masu lanƙwasa fa? In bari sai ƙarshe?

Mai Alƙalami:
A'a, sa su tun yanzu. In ka bari, kalmomi irin su “kafa” da “ƙafa” sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na'ura ba za ta raba maka su ba. A waya ƙara Hausa a Gboard, kibod ɗin Google, a kwamfuta sa manhajar kibod ta Keyman. Zaɓi nau'in rubutu mai ɓ, ɗ, ƙ, kamar Charis SIL ko Noto Serif. In za ka kai maɗaba'a a Accra New Town, kai PDF, kada ka kai fayil ɗin Word, domin in kwamfutarsu ba ta da nau'in rubutunka haruffan na iya komawa 'yan akwatuna. Nemi su buga maka shafi biyu ka duba da idonka kafin a buga sauran.