Sarar Amurkawa ta zamanin jaz: a bakin wa kuka taɓa jin ta?

Malamin Turanci:
Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Amurka. Zangon nan ina koyar da adabin Amurka na shekarun 1920, waɗanda suke kira zamanin jaz, da sunan kiɗan baƙaƙen Amurka da ya yi tashe a lokacin, kuma ɗalibaina sai tuntuɓe suke yi da sarar lokacin: bee's knees, giggle water, flapper, speakeasy da ire-irensu. Ƙamus zai ba ka ma'ana, amma ba zai gaya maka wa ke faɗin kalmar ba, ko da wace murya, ko a gaban wa. Abin da nake nema ke nan. Duk wanda ya taɓa jin irin waɗannan kalmomi a bakin mutum mai rai, don Allah ya ba mu labari. Ga wanda bai san zamanin ba, ya faro ne bayan yaƙin duniya na farko, ya ƙare da karyewar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929. A cikinsa mata suka samu 'yancin kaɗa ƙuri'a a 1920, kuma aka haramta yin giya da sayar da ita tun daga Janairun 1920 har Disambar 1933.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a jihar Ohayo, kuma a nan na ji ta. Akwai wata tsohuwa Baturiya da na daɗe ina kula da ita, ta haura shekara 90. A ƙarshen zamanin aka haife ta, saboda haka gado ta yi daga bakin uwarta da goggonta. In abinci ya yi mata daɗi sai ta ce the cat's pajamas ne, wato ya kai maƙura. In tana kallon labarai wani ɗan siyasa ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta ɗaga yatsa ta ce applesauce! ko baloney! Duka biyun nufinsu zancen banza. Jikokinta in sun zo sai su riƙa tsokanarta don kawai ta faɗa su yi dariya.

Amma wanda ba na mantawa shi ne ranar wata Juma'a da Baban Biyu ya zo ɗaukata daga masallaci kai tsaye, ya sha farar shadda, ya ɗora zanna bukar, turare na tashi. Tsohuwar nan ta kalle shi sama da ƙasa ta ce da ni, ai mijinki sheik ne. Na ce a'a Mama, bai kai nan ba, yana dai ɗan taɓa karatu. Ta yi ta dariya har da tari. Ashe a bakin uwarta, sheik shi ne saurayi kyakkyawa ɗan ƙwalisa, wanda ya kwantar da gashi da mai, 'yan mata na rububinsa. Daga wani fim na 1921 abin ya samo asali, inda Rudolph Valentino ya fito a matsayin shehin Larabawa. Budurwar da ta dace da shi kuma sai a ce sheba, daga sunan sarauniyar Saba'i. Ta ce da Valentino ya mutu a 1926 yana ɗan shekara 31, goggonta yini ta yi ba ta ci abinci ba. Baban Biyu har yau bai huce da wannan shehuntaka ba.

Direban Bronx:
Hajiya kin ba ni dariya, a gaida Shehu. Malam, akwai kalma ɗaya ta wancan zamanin da duk direban haya a Niyok ya sani, kuma ba ta wasa ba ce: scofflaw. Haka ake kiran wanda takardun tarar fakin suka taru masa bai biya ba. Wani abokin aikinmu ya fito sallar asuba ya tarar an ɗaure masa taya da ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa, ga takarda manne a gilashi. Ranar bai yi ko sisi ba, yini ya yi yana neman rance. Wani fasinja, tsohon lauya, shi ya ba ni tarihin kalmar muna cikin cunkoso. A 1924 wani attajiri a jihar Masachusets, Delcevare King, mai goyon bayan haramcin giya, ya sa gasa ta dala 200 ga wanda zai ƙirƙiro kalmar da za a kunyata masu sha a ɓoye da ita. Aka aiko da kalmomi sama da 25,000, mutum biyu suka zo da wannan, suka raba kuɗin. Ma'anarta mai yi wa doka ba'a. Mashayan ba su ji kunyar komai ba, a Faris ma sunan aka sa wa wani haɗin giya. Haramcin ya tafi, kalmar ta dawo kanmu direbobi.

Ɗan Maraɗi:
Malam, in ana maganar nan a fara da Harlem, unguwar baƙaƙen fata a Niyok, don da yawa daga abin da ya rayu daga can ya fito. Ni na yi kasuwar tebur a titi na 125 tare da 'yan uwanmu Hausawa da Zabarmawa, kafin a tashe mu a 1994 a mai da mu kasuwar titi na 116. Akwai wani dattijo baƙar fata, tsohon mai busa ƙaho, da yake zama kusa da teburina kusan kullum da la'asar. Ba ya sayen komai sai turaren tsinke, shi ma jefi-jefi, hira ce ke kawo shi. Duk namiji a wurinsa cat ne. Da farko abin ya tsaya mini a rai, yaya mutum da gemunsa a ce masa kyanwa? Sai na lura har kansa yana kira haka, kuma in ya ce wane cat ne na gaske, to yabo ne babba, gwani yake nufi. Aikin kiɗa na dare ɗaya gig. Kiɗan da ya yi zafi hot. Zancen yaudara jive. In ya yi maka bayani sai ya ƙare da you dig?, wato ka gane?

Shi ya ba ni labarin rent party, wanda ya ce uwarsa ta sha yi. Baƙaƙen da suka baro kudu suka cika Harlem ana tsuga musu kuɗin haya fiye da na Turawa, albashinsu kuma bai kai ba. To in wata ya zo ƙarshe sai a kwashe kayan falo, a kira mai fiyano, a soya kaji da kifi, a raba 'yan katuna a unguwa, kowa ya biya 'yan kwabbai a bakin ƙofa, a kwana ana rawa. Da safe a kai wa mai gida kuɗinsa. Kamar dai ajon da ake yi a wajenmu, sai dai nasu na haya ne. Ya ce a irin waɗannan ɗakuna aka dafa maganar, Turawa kuma suka zo suka ɗiba. Ya taɓa kai ni mahaɗar titi na 142 da Lenox ya nuna mini inda gidan rawar Cotton Club yake a da. Duke Ellington ya fara kiɗa a can a 1927, makaɗa baƙaƙe, 'yan rawa baƙaƙe, amma kujerun na Turawa ne kawai. Yana faɗa yana girgiza kai, bai ƙara komai a kai ba.

Maƙwabtanmu 'yan Senegal kuwa sun rantse dig daga Wolof take, daga kalmarsu ta ji da fahimta. Kullum sai an yi wannan gardama.

Malamin Turanci:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, wannan kaɗai darasi guda ne. Zancen Wolof ɗin akwai masana harshe da suka rubuta shi tun wajen ƙarshen shekarun 1960, har da hip da jive a ciki, amma manyan ƙamusoshi ba su karɓa ba saboda ba a samu shaidar rubutu da ta haɗa tsakani ba. Kada dai ka gaya wa maƙwabtan naka ni na faɗa.

Ɗalibar Shikago:
Ni tawa ta bambanta, don ban ji ta a bakin wanda ya gada ba, a bakin mai sayar da ita na ji. A nan Shikago akwai motocin yawon buɗe ido da ke zagayawa da mutane wuraren 'yan dabar zamanin Al Capone. Na bi 'yan ajinmu sau ɗaya. Mai yi mana bayani ya sa malafa da kwat mai ratsi, yana ta zubo kalmomi: bootlegger mai fasa-ƙwaurin giya, speakeasy mashayar ɓoye da sai ka yi magana ƙasa-ƙasa a ƙofa, hooch giyar da ba a san asalinta ba, Chicago typewriter bindigar Thompson saboda ƙararta, take for a ride a ɗauki mutum a mota ba zai dawo ba. Aka tsaya da mu a titin Clark inda aka jera mutum 7 aka harbe ranar 14 ga Fabrairun 1929. Garejin ma an rushe shi tuni, fili ne da ciyawa. Mutane na ta ɗaukar hoto suna dariya.

Gaskiya abin bai kwanta mini ba. Kalmomin suna da ban dariya, amma an yi su ne don a rufe abin tsoro. Giyar da suke yi wa laƙabi da coffin varnish, wato fentin akwatin gawa, da gaske tana kisa, domin barasar masana'antu ce da aka sa wa guba don kada a sha, 'yan fasa-ƙwauri su sato su tace sama-sama su sayar. A 1930 wani ruwan citta da talakawa ke sha a madadin giya, wanda suke kira jake, ya shanye wa dubban mutane ƙafafu saboda sinadarin da aka gauraya a ciki, har tafiyar waɗanda abin ya shafa ta samu suna, jake leg. Wannan ba a faɗa a motar.

Sannan Malam, ka ja kunnen ɗalibanka game da jerin kalmomin da ke yawo a intanet. Da yawansu daga ginshiƙan barkwanci na jaridun 1922 aka kwaso, lokacin da ake yayin buga wai ƙamus na flapper, wato 'yan matan zamani masu fatali da al'adar iyayensu, don iyaye su karanta su riƙe baki. Wasu kuma masu zanen barkwanci ne suka ƙirƙira, kamar heebie-jeebies ta Billy DeBeck a 1923. Ba kowace kalma da ke jerin ce mutanen titi suka yi magana da ita ba.

Baban Sadik:
Ni ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma ashe ina jin sarar nan a Kano kullum. Sugar daddy, gold digger, blind date, duk a shekarun nan suka bazu a Amurka. Yaranmu na jami'a na faɗa suna ganin sabon yayi ne, alhali kalmar ta girmi kakansu. Ranar da na gaya wa ƙanwata haka cewa ta yi, Yaya kai dai ba ka son a ji daɗin abu.

Uwar Biyu:
Bari in ƙara wani abu da na ɓoye ɗazu don kada in ɓata hirar. Tsohuwar nan tawa, da mantuwa ta fara kama ta, wasu kalmomin na uwarta suka riƙa fitowa waɗanda ba na dariya ba ne. Sunayen raini ga baƙaƙe, ga 'yan Italiya, ga Yahudawa. Takan faɗa da murya ɗaya da wadda take cewa applesauce, hannuna na cikin nata. 'Yarta ta sha ba ni haƙuri tana hawaye. Ban riƙe ta a zuciya ba, amma na gane baki ɗaya ne ya koya mata duka. Shekarun da ake rawar Charleston su ne shekarun da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata da baƙi, suka yi maci dubbai a Washinton a 1925, kuma a 1924 aka yi dokar da ta taƙaita shigowar baƙi. Malam, in za ka koyar, ka haɗa da wannan ɓangaren.

Direban Bronx:
Hajiya, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Malam, ga na kuɗi, don su ne ba su mutu ba a wajenmu. Grand dala dubu, wannan kowa na faɗa. C-note dala ɗari. Dough kuɗi gaba ɗaya. Sawbuck dala goma da fin dala biyar sai a bakin tsofaffin Burukulin kawai nake jin su yanzu, wasu daga kalmomin ma sun girmi zamanin jaz ɗin. Shi kansa laƙabin Big Apple da ake yi wa Niyok wani ɗan jaridar sukuwa ne, John J. Fitz Gerald, ya yaɗa shi a shekarun 1920, bayan ya ji shi a bakin baƙaƙe masu kula da dawaki a Niyu Olins. Akwai kuma jalopy, tsohuwar mota rakwacam. Makanikena ɗan Jamaika haka yake kiran tawa duk lokacin da na kai ta, kafin ya faɗi kuɗin gyara.