Neman shawara kan batun furojet na jiyoloji

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina aji huɗu a sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, malamin da zai duba furojet ɗina na kammala digiri ya ce in kawo batu uku ya zaɓi ɗaya. Raina ya fi kwanciya da zinaren yankin Anka ko Birnin Gwari, amma a gida sun ce ba su yarda ba. Kuɗin hannuna ma ba yawa. Don Allah a taimaka.

Mai Guduma: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mutanen gida sun yi gaskiya, dazukan nan ba wurin shigar ɗalibi ba ne a halin da ake ciki. Ga Dutsen Kufena nan kusa da ke, giranit ne mai manyan ƙwayoyi da ya samu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ki yanki ƙaramin fili a kewayensa ki zana taswirar duwatsun da ke ciki, ki auna inda tsagogin dutsen suka fuskanta da kamfas, ki ɗebo samfuri a yanka miki shi siriri, kaurin milimita 0.03, ki duba ma'adinan a maikiroskof. Wanda ya iya taswira da hannunsa ba ya jin tsoron tambaya ranar kare aiki. Ku dai tafi a ƙungiya, ku tambayi halin tsaron wurin kafin ku fita.

Baban Burtsatse: Malam Mai Guduma, ban ƙi taka ba, sai dai ɗalibai sun daɗe suna taka Kufena. Ni da haƙar rijiyar burtsatse ce sana'ata, ruwa zan ce ta yi. 'Yata, ƙasar Zariya da Kano da kudancin Katsina duk a kan tsohon dutse suke zaune, shi kuwa ba ya riƙe ruwa sai a wuri biyu: saman da ya ruɓe ya zama ƙasa, da cikin tsagogi. Shi ya sa za ki ga gida biyu katanga ɗaya, wannan rijiyarsa na ambaliya, wancan an yi asarar kuɗi. Ki zaɓi unguwa guda, ki ari na'urar auna turjiyar ƙasa ga lantarki a sashenku, ki yi awo da tsarin Schlumberger, wato kafa ƙarafa huɗu a layi ɗaya ana ta nisanta biyun waje, ki fassara sakamakon da manhajar IPI2Win, kyauta ce. Amma ga inda yawancin ɗalibai ke tsayawa a rabi: suna zana layuka su ce a nan ruwa yake, ba su taɓa gwada maganarsu da rijiya ko ɗaya ba. Ki nemi masu haƙa su gaya miki a mita nawa suka iske dutse, a mita nawa ruwa ya fito. Ki auna zurfin ruwan rijiyoyin gidaje da igiya da tef. Idan awonki ya saɓa da na rijiyar, ki rubuta hakan yadda yake, ki nemi dalili. Wannan aiki zai amfani mai unguwa da masu gini, ba kabad ɗin sashe kaɗai ba.

'Yar Sakkwato: Idan kina da dangi a Sakkwato, ki duba wajenmu. Teku ta taɓa rufe yankin nan har cikin Nijar da Mali, kuma shaidar na nan a fili. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse, a shimfiɗar duwatsun Dange kuma akwai dunƙulen fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Akwai ma wata dabbar teku ta zamanin da, Goronyosaurus, da aka raɗa wa suna daga Goronyo. Aikin ba tsada: tef, ruwan asid mai rauni don gane farar ƙasa, rariyar tace yashi, da haƙurin rubuta shimfiɗa bayan shimfiɗa. Shiga ramin kamfani dai sai da takarda daga shugaban sashe, ki nema da wuri.

Malam Na Gombe: Duk shawarwarin nan masu kyau ne. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su fara da tambaya ɗaya da za a iya amsawa da abin da ke aljihu. Misali daga wajenmu: a Kaltungo ana ganin yara da haƙora masu tabo ruwan kasa, saboda sinadarin fuloraid ya yi yawa a ruwan wasu rijiyoyin. Haka ma a Langtang ta Filato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita guda. Ɗalibin da ya auna wannan sinadari ɗaya tak, ya nuna a taswira wace rijiya ce ke kan wane dutse, ya fi wanda ya jera sinadarai ashirin bai san me yake nema ba. Gwaji ne ke cinye kuɗin furojet, kowane sinadari da farashinsa a kowace kwalba.

Batun zinare kuma, kada ki ga kamar sha'awarki ba ta da amfani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, ƙurar tana shiga jikin yara. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Muna matuƙar buƙatar masu ilimin wannan fanni. Ki ajiye shi don digiri na biyu, lokacin da za ki samu tallafi da abokan aiki.

Ɗalibar Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ba zan iya yin na zinaren da hotunan tauraron ɗan adam daga ɗaki ba?

Malam Na Gombe: Hotunan Landsat kyauta ne, manhajar zana taswira ta QGIS ma haka, kuma ki koye su ko wane batu kika ɗauka. Sai dai layin da kika gani a hoto zai iya zama tsagar dutse, zai iya zama hanyar shanu, ba mai tabbatarwa sai ƙafa. Ki tambayi malaminki ko zai karɓi aikin da ba fita daji kafin ki sa shi a jerin.

Ɗalibar Samaru: To zan kai na ruwan Samaru a farko, Kufena na biyu, Kalambaina na uku. Baba, wane lokaci ya fi dacewa da awon?

Baban Burtsatse: Da rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa sosai, ciyawa kuma ta kwanta. Ƙasa za ta yi tauri, don haka ki tafi da jarkar ruwa ana zubawa a gindin ƙarafan da za ki kafa, in ba haka ba lantarkin ba zai shiga da kyau ba. Ki nisanci turakun wuta da bututun ƙarfe, suna ɓata awo. Ki fara zuwa gaida mai unguwa da takardar makaranta, shi zai haɗa ki da yaron da zai shigar da ke gidaje. Kina buƙatar mutum uku ko huɗu masu jan waya, ku yi karo-karo da abokan ajinki, yau naki gobe nasu.