Fita daga da'ira a kokawar yara: kowa ya kawo abin da ya sani

Mai horar da yara, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Jama'a, yaranmu da suka taso a kokawar yashi suna zubar da maki a bakin layi da zarar sun hau katifar kokawar zamani. A yashi in an dangana da buhuna, alƙali ya raba, a koma tsakiya, ba wanda ya yi asara. A katifa kuwa layin nan maki ne. Alƙalai da masu horarwa, a taimaka mana da bayani.

Alƙalin wasa, Daura: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa dokar hukumar kokawa ta duniya, UWW, faɗin da'irar mita 9 ne. Filin ciki mita 7, sai zobe mai ruwan goro, faɗin mita 1, ya kewaye shi. Zoben nan cikin fili yake, ana kokawa a kansa. Abin da ke bayansa, mita 1.5, shi ne waje, don kariya aka yi shi. In ana tsaye, duk wanda tafin ƙafarsa ya fita gaba ɗaya, abokin karawarsa ya sami maki 1. Diddige ya leƙa waje alhali yatsu na kan zobe, ba fita ba ce. A nan iyaye suka fi tayar da jijiyar wuya.

Tsohon ɗan kokawa, Ƙofar Ƙaura: Yallabai ya faɗi daidai, amma a ƙara da maganar turi. Yaro mai ƙarfi ya miƙe hannuwa ya ingije ɗan'uwansa waje ba tare da wani kamu ba, ba shi da maki, jan kunne ma zai sha. Dole a ga kamu: ya shiga ƙafa, ko ya sa hannu ƙarƙashin hammata ya kora shi. Wanda kuma ya gudu waje da gangan don ya tsere wa kamu, gargaɗi ne da maki 1 ga abokin karawa. Gargaɗi uku, wasa ya ƙare.

Alƙalin wasa, Daura: Haka ne, Yaya. Ga inda masu horarwa ke rikicewa. Mai kai hari ya fara kamu a ciki, ƙafarsa ta fita, in ya kammala kayen a ɗauki ɗaya ba tsayawa, makinsa na nan. In kamun ya warware, shi aka ci maki 1. Jifan da aka faro a ciki ya sauka a waje ana ƙirga shi, sai dai danne kafaɗun abokin karawa a ƙasa, wanda ke ba da nasara, ba a ƙirga shi a waje, kuma na ƙasa ba ya ramawa a can. In suna ƙasa, kan na ƙasa ake dubawa: ya fita duka, a busa usur.

Mai horar da 'yan mata, Katsina: Ga mara katifa, a kafa turke a tsakar fili, a ɗaura igiya mita 3.5 a zagaya, a sake da mita 4.5, a bi sawun da toka. A tsayar da yaro bayansa na kallon layi, ɗan'uwansa ya matsa masa daƙiƙa 20. Aikin na bakin layin shi ne ya rage tsawo, ya yi taku gefe, ya zagayo ciki. Babbar matsalar ita ce ja da baya kai tsaye, taku biyu ya cinye zoben. Wasu kuma sukan waiwaya su duba layi, nan take a ɗauke musu ƙafa.

Tsohon ɗan kokawa, Ƙofar Ƙaura: Hajiya, a ƙara koya musu kada su saki kamu sai sun ji usur. Kuma 'yan ƙasa da shekara 15 zagaye biyu suke yi, minti 2 kowanne, da hutun daƙiƙa 30. Yaro ya ba da maki uku a bakin layi, da wuya lokaci ya ishe shi ya farke su.